Ranar da Haƙorin Yaya Ya Daina Ciwo

Yayana tela ne. Duk wanda ya taɓa zama da tela ya san yadda goman ƙarshe na azumi take zuwa masa: shadda da atamfa sun yi tsibi har bakin ƙofa, masu kaya suna ta sintiri, shi kuwa daga shan ruwa har sahur yana kan keke. A irin wannan lokaci ne, shekara uku da suka wuce, turmin haƙorinsa na ƙasa ta hagu ya tayar masa. Haƙorin ya fi shekara da kogo. In ya ci nama sai ya nemi tsinke, in ya sha ruwan sanyi ya dafe kunci na ɗan lokaci, abin ya wuce. Wannan karon ya ƙi wucewa.

Babu abin da ake gwadawa a unguwa da bai gwada ba. Ya cusa kanumfari a kogon, ya ɗan lafa. Aka ce ya sa kanwa, ya sa. Wani abokin sana'arsa ya niƙa masa asfirin ya ce ya danna a jikin dasashi ya kwana da shi, da gari ya waye wurin ya yi fari fat, ya saluɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Daga nan ya aiki yaron shago kemis, aka ƙullo masa kafso na kwana biyu a leda. Na same shi bayan tarawi ya ɗaure kai da rawani yana taka keke, na ce, "Yaya, mu je a duba haƙorin nan mana." Ya ce, "Bari dai a sauke Sallah. Kayan mutane zan ajiye in je in bi layi a asibiti?"

Ran 23 ga wata ciwon ya ɗauke cak. Ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba, ya tashi ya ce tsutsar ta mutu. Muka yi hamdala gaba ɗayanmu, har da ni.

Kwana uku bayan haka matarsa ta kira ni wajen ƙarfe 11 na dare, muryarta na rawa. Na tarar da shi zaune a bakin gado, ya sunkuyo gaba ya dafa gwiwoyi. Ƙasan haɓarsa ya kumbura daga kunne zuwa kunne, in ka taɓa kamar icce. Yawu na zuba a kan rigarsa don ya kasa haɗiyewa. Bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa ɗaya. In ya yi magana sai ka ce ya cika baki da tuwo, jikin kuwa zafi rau. Muka ce ya kwanta, ya girgiza kai, ya nuna maƙogwaro. Hajiyarmu ta ce hangum ne, a kawo shuni a shafa masa. Allah ya sa akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu. Ta zo da tocilan ta haska bakinsa, ta ga harshen ya ɗago yana neman taɓa ganda, ta juyo ta ce da ni, "Malam, wannan ba ya kai asuba a gida. Nemo mota yanzu."

A daren aka shiga da shi tiyata. Aka tsaga ƙasan haɓa a wurare uku, aka sa roba mugunya ta riƙa fita, aka cire haƙorin, aka ɗora shi a kan allurai ta jijiya. A nan ne ma aka gano yana da ciwon suga, abin da bai taɓa sani ba. Kwanansa 11 a gado. A asibiti ya yi Sallah, kayan mutanen da ya ƙi ajiyewa na yini ɗaya aka rarraba wa wasu teloli, kuma sai da ya sayar da ɗaya daga cikin kekunansa biyu kafin a biya abin da aka kashe.

Na ba da labarin nan ne saboda ranar 23 ga wata. Mu da zafi muke auna ciwon haƙori. In yana sa mutum kuka mu ce ya yi tsanani, in ya yi shiru mu ce an samu lafiya. Wannan ma'auni yana kashe mutane, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu ajiye shi.

Wani likita matashi da ke zagayen dare shi ya zana mini abin a bayan kati. Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, a cikinsa kuma akwai ɗan ɗaki mai jijiya da hanyoyin jini, wanda ya bi ta saiwa ya shiga ƙashin muƙamuƙi. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sugan da ya maƙale a baki su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin ɓawon har ya yi kogo. Ranar da kogon ya isa ɗakin jijiya, sai jijiyar ta kumbura a wurin da babu sararin kumbura, shi ne zugin nan da ke hana barci. In aka bar ta, sai ta mutu. Matacciyar jijiya kuwa ba ta jin zafi. Amma ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu gida da abinci, sai su gangara ta saiwa su tara mugunya a cikin ƙashi. Mugunya kuma dole ta nemi hanya. In an yi sa'a ta ɓullo ta dasashi kamar ƙurji. In ba a yi ba, ta bi cikin naman fuska da wuya.

Turamen ƙasa na can baya saiwarsu tana sauka har ƙarƙashin naman da ya shimfiɗe ƙasan baki. Shi ya sa mugunyarsu kan bazu ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama da baya, ya toshe hanyar iska. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, shi ya yi bayanin wannan cuta dalla-dalla a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiranta. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi, yawancinsu kuma shaƙewa ce ajalinsu. Haƙoran sama su kuma hanyarsu ta ido ce, daga can akwai jijiyoyin jini da ke shiga cikin kai. A 2007, a jihar Maryland ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu bayan mugunyar haƙorinsa ta kai ƙwaƙwalwa, har maganar ta je gaban majalisar dokokin ƙasar. Can ke nan da asibiti ke kowace kusurwa. Mu a nan in irin haka ta faru sai a ce wane ya yi kumburin wuya, kwana biyu ya cika, babu ma wanda zai ambaci haƙori a wurin zaman makoki.

To, wane ciwon haƙori ne ba ya jiran gari ya waye? Wanda ya zo da kumburin da ya sauka ƙasan haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa. Wanda mai shi ya kasa haɗiyar yawu, ko muryarsa ta sauya, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa yadda yatsu biyu za su shiga. Wanda ya haɗu da zazzaɓi da rawar sanyi, ko mutum ya fara ruɗewa. Mai wahalar numfashi kuwa, wanda ya fi son zama a kan kwanciya, minti ma yana da tsada a wurinsa; a bar shi a zaune yadda ya ga dama, kada a tilasta masa kwanciya, kada a ɗura masa komai, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa. Ba sai an nemi inda aka rubuta asibitin haƙori ba, tunda yawancinsu ma a rufe suke da dare. In mai kumburin yana da suga, ko mai juna biyu ce, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, to a ƙara sauri, don jikinsu bai cika riƙe irin wannan cuta a wuri ɗaya ba. Kuma don Allah kada a kira wanzami ya yi sakiya. Wuya cike yake da manyan hanyoyin jini, mugunyar kuma tana can ƙasa inda askarsa ba za ta kai ba.

Zugi kaɗai, ba kumburi ba zazzaɓi, shi yana iya kwana, amma bai kamata ya yi mako ba. A daren, babba zai iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, ya kuma duba kada wani maganin mura ko na ciwon jiki da yake sha ya zama akwai farasitamol a cikinsa, don yawansa yana lalata hanta. Ibuprofen ya fi kama ciwon haƙori, a sha bayan an ci abinci, amma ban da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu. A kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a ɗaga kai da matashi biyu. Kanumfari ba ƙarya ba ne, akwai mai a cikinsa da ke kashe zafi, har likitocin haƙori suna amfani da shi a wasu kayan aikinsu. Sai dai zafin kawai yake kashewa, kogon yana nan yana aikinsa. Asfirin a jikin dasashi ƙuna ce kawai, na gani da idona. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa, waɗannan guba ne, ko kusa da baki kada su je.

Maganar kafso ita ta fi ci mini rai. Mai kemis shi ne likitan farko na talaka, wannan ba abin musu ba ne, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu tausayi. Amma matacciyar jijiya jini ba ya shiga cikinta, maganin da aka haɗiya kuwa ta jini yake tafiya. Ke nan kafso ba ya isa inda gidan cutar yake. Zai iya rage kumburi na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, bayan wata ɗaya abin ya dawo da ƙarfinsa, ƙwayoyin cutar kuma sun fara sabawa da maganin. Hanya biyu ce ke raba mutum da wannan cuta: a cire haƙorin, ko a buɗe shi a wanke cikin saiwarsa a cike. Roƙona ga masu kemis ƙarami ne. In aka aiko yaro sayen maganin haƙori, ku tambaya: fuskar ta kumbura? Yana iya haɗiya? Akwai zazzaɓi? In amsar ɗaya daga ciki ta ba ku tsoro, ku ce a wuce asibiti. Cinikin rana ɗaya za ku rasa.

Akwai tsoro biyu da ke riƙe mutane a gida. Na farko, wai cire haƙorin sama yana makantar da ido. Jijiyar gani daban take da jijiyar haƙori, filayar likita ba ta zuwa kusa da ita. Abin da ke iya taɓa ido shi ne mugunyar da aka bari a ruɓaɓɓen haƙorin sama, wato haɗarin yana wajen barinsa. Na biyu, wai ba a taɓa haƙorin mai ciki sai ta haihu. Mata nawa ne suka yi wata biyar suna kwana zaune a kan wannan magana? Ana yi wa mai ciki allurar kashe zafi a cire mata haƙori lafiya lau, abin da ake bukata kawai ta faɗa wa likita tana da ciki da watanninsa. Mugunya da zazzaɓi da rashin cin abinci su ne barazana ga ɗan da ke cikinta.

Ni malamin firamare ne, kuma kwanakin da na yi ina jinyar Yaya sun koya mini wani abu da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi ina riƙe da alli. Haƙorin da ya fita ɗungurungum da saiwarsa saboda faɗuwa ko duka, ana iya mayar da shi ya kama. Bara wani yaro ɗan aji huɗu ya yi karo da ɗan'uwansa a wajen ƙwallo lokacin tara, haƙorinsa na gaba na sama ya faɗo a ƙasa. Yara suka yi caa, wani har ya ɗauko zai jefa kan rufi. Na karɓa, na riƙe shi ta farin da ake gani a baki, ban taɓa saiwar ba. Na ɗauraye ƙasar da ke jikinsa na 'yan daƙiƙai, ban goge ba, ban kankare ba. Na zaunar da yaron na ce, "Buɗe baki, ɗana, ka yi haƙuri kaɗan." Na daidaita fuskar haƙorin da na kusa da shi, na tura shi cikin raminsa a hankali, na naɗe hankici mai tsabta na ce ya ciza. Muka hau adaidaita sahu. A asibiti suka ɗaure shi da siririyar waya a jikin maƙwabtansa na mako biyu, suka duba maganar allurar tetanus, daga baya suka wanke saiwar suka cike. Jiya ma na gan shi yana gatsar rake da gefen baki, haƙorin yana nan.

Sirrin yana jikin saiwa. Akwai wata 'yar fata mai rai da ta lulluɓe ta, ita ce ke sake manne haƙori da ƙashi, kuma bushewa ce ke kashe ta. In haƙori ya yi awa ɗaya a bushe, yawancinta ta mutu. Don haka mafi kyau a mayar da shi nan take, ko cikin rabin awa. Wanda hannunsa ba zai iya ba, ya tsoma haƙorin a madara marar suga, ko a ruwan ORS da ake ba yara masu gudawa, ko yaron ya tofa yawunsa a kofi a saka a ciki, a ruga da shi. Madara fa na ce, ban ce nono ba, tsamin nono yana kashe fatar. Kada a naɗe shi a takarda, kada a wanke shi da sabulu, kada a bar shi ya daɗe a ruwan famfo. Sai a kiyaye abu ɗaya: wannan na haƙorin dindindin ne. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba ba a mayar da shi, don zai iya ɓata sabon da ke tahowa a ƙarƙashinsa. Makarantu nawa ne a jihohinmu, masu filin ƙwallo da ɗaruruwan yara, da babu malami ko ɗaya da aka taɓa gaya wa wannan? Bayanin bai kai darasin minti goma ba a taron horar da malamai.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori shi ma yana firgita gida, amma sau da yawa kurkura da yawan tofarwa ne ke tayar da gudan jinin da ya toshe ramin. A naɗe bandeji ko ƙyalle mai tsabta, a ɗora daidai kan ramin, a cije da ƙarfi minti 30 ba tare da ana leƙawa ba. In an yi haka sau biyu yana ci gaba da cika baki, a koma asibiti. Wanda kuma ya faɗi a babur ya ji haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda suka saba, ya ɗauka muƙamuƙi ya karye har sai hoto ya nuna akasin haka.

Wanda ya fi duka ban tausayi shi ne na yara ƙanana, cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona. A ƙauyuka wasu kan ce ciwon iska, wasu ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Da dasashi take farawa: ya yi ja, yana jini, baki yana wari, yaro ya ƙi abinci yana dalalar da yawu. Sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya ruɓe ya zube, har ƙashi ya bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuma su tashi da ramin fuska, ana ɓoye su a ɗaki. Abin da ke sa ni hawaye shi ne, a matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Akwai asibitin yara masu noma a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana aiki da su tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci ran 15 ga Disamba, 2023. Amma gyaran fuskar da ake yi a asibitin Sakkwato yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Hana ɓarnar yana hannun uwar da za ta ɗaga leɓen ɗanta marar lafiya ta duba, da ma'aikacin ƙaramin asibitin da zai haska bakin duk yaro mai tamowa da aka kawo masa.

Na san abin da mai karatu a ƙauye zai ce: Malam, kana ta cewa a je asibiti, da wane kuɗi, a wace mota? Gaskiyarsa. Manyan sassan tiyatar baki da fuska suna birane, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin da ke tafiyar awa huɗu daga waɗannan, ga damina ga hanya marar kyau, ba ganganci ne ke sa shi neman kanwa ba. Wannan nauyi ne a wuyan gwamnatocin jihohi. Bai fi ƙarfinsu ba a ce kowane babban asibitin ƙaramar hukuma yana da kujerar haƙori mai aiki da wanda zai zauna a kanta, a kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane kumburin da ake turawa gaba nan take. Amma nisan ma hujja ce ta tashi da wuri. Mu da ke cikin gari, mota ta kai Yaya cikin minti 20, kuma likita ya ce da mun jira asuba da sai an huda maƙogwaronsa kafin ya samu iska. Wanda ke da tafiyar awa huɗu a gabansa, ranar da ya ga kunci ya fara tashi ita ce ranar tafiyarsa, tun yana iya hawa mota da ƙafarsa.

Yaya ya koma shago da kekensa ɗaya. Ya bar gemu ya rufe tabon nan uku, yana shan maganin suga, ya kuma je an cike wasu koguna biyu da aka gano masa, ko ciwo ba su fara ba. Kwanan baya ina zaune a shagon wani dattijo ya kawo ɗinki, ya naɗe fuska da rawani, kuncinsa na dama ya tasa. Yaya ya ajiye almakashi ya tambaye shi, dattijon ya ce ai da sauƙi, shekaranjiya haƙorin ya daina ciwo. Yaya ya ɗaga gemunsa ya nuna masa tabon, ya ce, "Baba, ajiye kayan nan, ba inda za su je." Ya juyo ya ce da ni, "Tashi ka tsayar mana da adaidaita."